Revenue, profit, cash flow: kalmomin Turancin da ke cinye jarin sabon mai kiwo



Duk wanda ya shiga harkar kaji ko kifi, ko ya so ko bai so ba sai ya yi karo da Turanci. Takardar neman rance da Turanci take, rubutun jikin buhun abinci Turanci ne, mai ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Ibadan da Turanci zai turo maka farashi. Kuma ba wanda bai yi boko ba kaɗai abin ke kayarwa. Akwai masu digiri da kalmomin nan suka zauna a bakinsu, amma ba su san me suke nufi da aljihunsu ba. Ni a aji aka koya mini su lokacin da nake karatun kasuwancin noma, amma a keji da bakin tankin kifi suke aiki.

Mu fara da waɗanda suka fi kayar da mutane: revenue da profit. Revenue shi ne ciniki, wato duk kuɗin da suka shigo hannunka bayan ka sayar. Profit ita ce riba, abin da ya rage bayan ka cire duk abin da ka kashe. Kowa zai ce ai ya san wannan. To bari mu sa lissafi. Farashin da zan kawo misali ne kawai, kai ka sa na kasuwar garinku.

A ƙaddara ka sayi 'yan tsakin kajin nama 100 a kan naira 1,000 kowanne, 100,000 kenan. Suka ci buhu 16 mai kilo 25 a kan 20,000, wato 320,000. Rigakafin Gumboro da Lasota, magani, gawayin ɗumama su da ɓuntun shimfiɗa suka ci 40,000. Ka kashe 460,000. Biyar suka mutu, ka sayar da 95 a kan 6,000, kuɗi 570,000 suka shigo. Wannan 570,000 ɗin revenue ne. A nan ne mutum yake ganin alat ya shigo ya fara tunanin sabuwar waya. Abin da ya ɗoru a kan kuɗin da ka kashe 110,000 ne kacal, shi ake kira gross profit, ribar da ba a gama tacewa ba.

Me ya sa ba a gama tacewa ba? Saboda depreciation. Ma'anarta lalacewar kayan aiki a hankali. Kejin da ka gina da 600,000, in ka yi masa ƙiyasin shekara 5 kafin ya buƙaci sabon gini, to duk wata yana cin 10,000 ko da ba ka ga kuɗin sun fita daga aljihunka ba. Zubi ɗaya na wata biyu ya ci 20,000. Ƙara 10,000 na mota da ɗan aike, sai ribar ta koma 80,000. Wannan ita ce net profit, tsantsar riba, kuma ita kaɗai ce taka. Wanda ba ya ware kuɗin depreciation, ranar da kwanon keji ya ruɓe ko injin ruwa ya tsaya, sai ya ci bashi ya gyara, alhali da kuɗin gyaran ya yi cefane tun tuni.

Daga wannan lissafin ne ake fitar da break-even, wato inda ba riba ba faɗuwa. Duka-duka ka kashe 490,000. Raba shi da 6,000, za ka ga sai ka sayar da kaji 82 kafin uwar kuɗi ta dawo. Kaji 13 na ƙarshe su ne ribarka. Da 18 suka mutu maimakon 5, wahalar wata biyu ta tashi a banza. Shi ya sa in na ji ana cewa mortality, wato yawan waɗanda suka mutu, ba na ɗaukarta maganar likitan dabbobi kawai. Duk kazar da ta mutu, daga cikin 13 ɗin nan aka cire ta.

Sai cash flow, wadda a ganina ta fi profit muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi. Tana nufin lokacin da kuɗi ke shiga da lokacin da suke fita. Kajin ƙwai ba sa fara saka sai sun kai mako 18 zuwa 20, kuma kullum sai sun ci. Tarwaɗa takan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ta isa sayarwa, kuma a watannin ƙarshe ta fi cin abinci. Lissafinka zai iya nuna riba a takarda, amma in kuɗin abinci suka yanke a wata na uku, dole ka sayar da kifi ƙanana, mai saye kuwa ya san a matse kake. Kuɗin da ake ajiyewa don wannan hidimar yau da kullum su ake kira working capital. Kada ka zuba komai a gini. Tanki biyu da kuɗin abinci har ƙarshe sun fi tanki shida da kifi masu yunwa.

Tunda abinci ne ke cin kaso mafi tsoka, ku riƙe haruffan nan uku: FCR. Shi ne kilo nawa na abinci ya ba ka kilo ɗaya na nama. Misali buhun abincin kifi mai kilo 15 a kan 30,000, kilo ɗaya 2,000 kenan. In kilo 1.2 ya ba ka kilon kifi, ka kashe 2,400. Wani buhun a kan 24,000, kilo 1,600, amma sai kifin ya ci kilo 1.8, ka kashe 2,880. Mai arhar shi ya fi tsada. Ba ka gane haka sai kana da sikeli da littafin rubuta abin da ka zuba.

Yanzu ɓangaren neman kuɗi. Grant tallafi ne, ba a biya. Loan rance ne, dole a biya, ko da gwamnati ce ta bayar. Duk wanda ya ce ka fara tura masa processing fee, wai kuɗin aikin takardu, zuwa asusun wani mutum kafin a ba ka grant, ka riƙe kuɗinka. Collateral jingina ce, fili ko gida da za a riƙe in ka kasa biya. Guarantor shi ne wanda ya tsaya maka, kuma shi za a bi in ka gaza, don haka a yi tunani kafin a jawo yaya ko kawu. Moratorium kuwa shi ne lokacin da aka ɗaga maka kafin ka fara biya. Rancen da za a fara karɓa bayan wata ɗaya bai dace da mai kajin ƙwai ko kifi ba, don da kuɗin rancen za ka riƙa biyan rancen.

Interest shi ne kuɗin ruwa. Da yawanmu muna guje masa saboda addini, kuma akwai bankunan da ba sa aiki da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. A tsarin murabaha, banki ne zai sayi kayan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince tun farko. Amma ko ba za ka ci rance mai ruwa ba, ka san yadda ake rubuta shi, don kana da ɗan uwan da zai kawo maka takarda ka duba masa. Per annum a shekara kenan, per month a wata. Kashi 4 a wata kashi 48 ne a shekara. Sannan akwai flat rate da reducing balance. Rancen 300,000 na wata 6 a kan kashi 4 a wata: a flat rate ana lissafa ruwan a kan dukkan kuɗin har ƙarshe, 72,000. A reducing balance ana lissafawa a kan abin da ya rage, in kana rage 50,000 duk wata, 42,000. Kaso ɗaya aka faɗa, amma bambancin 30,000.

Ta ƙarshe ta wajen sayarwa ce. Off-taker shi ne wanda ya yi alkawarin kwashe kayanka in sun isa, kamar mai otal, mai gashin kifi ko mai sayar da daskararrun kaji. In ya ce zai saya per kg, wato a kan kilo, tambaye shi live weight ko dressed weight. Na farko nauyin kaza da ranta, na biyu bayan an yanka an fige an cire kayan ciki. Kaza mai kilo 2 da ranta takan dawo wajen kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Ku rubuta wanne kuka amince a kai, da ranar biya, da wanda zai biya kuɗin mota, kowa ya sa hannu kafin ka zuba 'yan tsaki.