Jarumi Motsa Baki Yake Yi, Mai Waƙar Yana Gefe

Na gaji da jin matasanmu suna cewa "waƙar Surya" ko "waƙar Ajith", har wani ya rantse jarumin ne ya zauna ya tsara baitukan da kansa. Tun da finafinan kudancin Indiya da ake juyawa zuwa Hausa suka cika wayoyinmu, kuskuren nan sai ƙara yaɗuwa yake yi.

Su Surya da Ajith jaruman finafinan Tamil ne. Tamil yaren jihar Tamil Nadu ne, masana'antar fim ɗinsa tana Chennai, ba ruwanta da ta Mumbai mai Hindi. A can, waƙa ɗaya aikin mutum huɗu ce. Darakta zai zayyana halin da labari ya shiga, mai kiɗa ya fitar da karin yana rera "tana-nana" babu kalma ko ɗaya, sannan marubuci ya zauna da alƙalami yana auna kalmomi, kowace gaɓa ta hau gurbinta, da amshi da baituka. Daga nan mawaƙi ya shiga situdiyo. Jarumi shi ne na ƙarshe, ya motsa baki a gaban kyamara. Ana samun irin su Dhanush da kan rubuta su rera, amma tsiraru ne.

Wataƙila sabo da su Shata ne ya ruɗe mu, tunda shi mai ƙirƙira ne kuma mai rerawa. To, M.G. Ramachandran, wanda farin jinin fim ya kai shi kujerar mulkin jihar a 1977, yawancin waƙoƙin da talakawa suka so shi dominsu muryar T.M. Soundararajan ce, kalmomin kuwa na irin su Vaali ne da Pattukkottai Kalyanasundaram, mai waƙe manoma da leburori, wanda ya rasu a 1959 yana ɗan shekara 29. Kannadasan ya rubuta dubban waƙoƙi kafin rasuwarsa a 1981, gwamnatin jihar ta naɗa shi sarkin mawaƙanta. Vairamuthu ya fara da fim ɗin Nizhalgal a 1980 tare da mai kiɗa Ilaiyaraaja, shi ya rubuta waƙoƙin Roja na 1992 da suka fito da mai kiɗa A.R. Rahman, kuma sau 7 yana karɓar kyautar ƙasa ta rubutun waƙa. Akwai mata ma, irin su Thamarai. Yanzu duk wannan wahala a ɗauke ta a miƙa wa mai juyi da riga a bakin teku? Haba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu yanke farkon fim don rage nauyinsa a waya suna da nasu laifin, amma gyaran yana hannunmu. In fim ya fara, kada ka tsallake sunaye; duba wanda ya rubuta waƙa, duba mai kiɗa, duba mawaƙi. In za ka tura waƙa a WhatsApp ko TikTok, rubuta sunan marubucinta a ƙasa. Nemi fassararta kafin ka haddace, domin wasu na bautar addinin Hindu ne, ka san abin da bakinka yake furtawa. Masu juya finafinai su riƙa faɗin sunayen nan da baki, don wanda bai iya karatun Turanci ba. Furodusoshin Kannywood kuma, da ku nake: wanda ya rubuta muku waƙa, ku sa sunansa a fili, ku biya shi haƙƙinsa kafin fim ya shiga kasuwa.