Mudu Biyu a Gidan Rediyo: Son Kai a Kafafenmu na Gida da Taƙaddamar 'Yancin Magana

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci harshe Ya ɗora wa mai shi amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A yawancin gidajen Musulmi a ƙasar Hausa, muryar da ke fara shigowa bayan kiran sallar asuba ita ce ta rediyo. Tashar takan buɗe da karatun Alƙur'ani, ta biyo da hadisi ko fatawa, sannan labarai, da dare kuma shirin siyasa. Tana magana da harshenmu, tana girmama lokutan salla, tana kare tarbiyya da al'ada, shi ya sa muke ɗaukar ta tamkar 'yar gida. Sai dai amincewar da muka yi wa karatun takan zarce zuwa labaran, daga nan ta zarce zuwa sharhin siyasa, ba mu tsaya mun tambaya ba. Alhali tashar da ta buɗe da ayar Allah za ta iya tauye gaskiya kafin azahar. Kuma idan ta yi haka, cutarwarta ta fi ta baƙuwar kafa, domin ita ce muka buɗe wa ƙofa ba tare da shakka ba.

Dalilin da ya sa muka rungumi namu

Wannan amincewa tana da tushe. Tun daga fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, mutanen Arewa suke jin cewa sai da tasu kafar za a ba da labarinsu yadda yake. Manyan jaridun ƙasar sun daɗe suna fitowa daga Legas, kuma sau da dama sukan yi rubutu kan addininmu ba tare da sanin abin da ke da tsarki a wurinmu ba. Ba a manta da Nuwamban 2002 ba, lokacin da wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW), rikici ya ɓarke a Kaduna, aka rasa rayuka sama da 200.

Dokar 1992 da ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ita ce ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu da dama suka biyo baya a Kano da sauran jihohi. Talaka ya samu wurin kai kukan famfon da ya ƙafe da asibitin da babu magani, malamai suka samu hanyar isar da karatu har cikin ɗaki. Wannan alheri ne da ba za a musa ba. Amma kasancewar kafa tamu bai wanke ta daga son kai ba.

Ƙofofin da son kai ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce mai gida. Kafa tasha yana buƙatar lasisi da na'urori da man janareta da albashi, masu iya wannan kuwa sau da yawa 'yan siyasa ne, ko 'yan kasuwar da ke hulɗa da gwamnati, ko ƙungiyar addini mai manufarta. Ba sai mai gida ya ba da umarni ba; edita ya san labarin da zai ɓata wa wanda ke biyan sa rai.

Ta biyu ita ce talla. A jihohinmu gwamnati na cikin manyan masu sayen lokaci da ba da sanarwa, kuma tashar da ta matsa mata lamba ta san abin da za ta rasa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta uku ita ce sayar da fili. Yawancin muryoyin da muke ji a shirye-shiryen siyasa na dare, waɗanda ake kira sojojin baka, kuɗi aka biya suka shiga. Mai sauraro a ƙauye ba ya bambance rahoton da wakili ya bincika da maganar da aka saya. Duka a wurinsa “an faɗa a rediyo” ne. Haka abin yake a fagen addini: ƙungiya ko attajiri ya sayi awa guda, a cika ta da raddi ga wani malami, shi kuma wanda ake wa raddin ba shi da kuɗin sayen amsa.

Ta huɗu mu ne da kanmu. Tasha tana bin abin da masu sauraronta ke so. Idan mun fi son jin cewa laifi duk na wasu ne, na wata jam'iyya ko wata ɗarika ko wata ƙabila, abin da za a ciyar da mu ke nan. Son kai kuma ba lallai ya zo da ƙarya ba. Sau da yawa shiru ne: a kururuta ɓarnar abokin hamayya, a rufe ta ɗan gida da sunan rufin asiri. Shafukan Facebook da TikTok sun ƙara wa abin gishiri, inda ake yanko daƙiƙa 30 daga karatun awa biyu a ɗora masa taken da mai maganar bai nufa ba.

Ma'aunin da addini ya ba mu

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da mutane cikin jahilci su koma suna nadama. Malaman tafsiri da dama sun ambata cewa ta sauka ne kan rahoton da wani ɗan aike ya kawo cewa Banu Musɗalaƙ sun hana zakka, har aka fara shirin tunkarar su, sai ta bayyana ba haka lamarin yake ba. A lura, labarin daga cikin gida ya fito, ba daga abokan gaba ba. A Suratun Namli ma, da alhudahuda ya kawo labarin Saba'i, Annabi Sulaiman (AS) bai yanke hukunci ba sai da ya gwada gaskiyarsa, ko da yake tsuntsun na cikin rundunarsa.

Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta wajabta shaidar gaskiya ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hori Sayyidina Ali kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farko. Abin da 'yan jarida ke kira jin ta bakin kowane ɓangare, mu a wurinmu sunna ce.

Ɗalibai su tuna yadda malaman hadisi suka yi aiki. Sun yi taka-tsantsan da sukar da tsara ke yi wa tsaransa, don sun san gaba da kishi na iya shiga. Imamu Bukhari ya kawo ruwayar Imrana bin Hiɗɗan duk da an san shi da ra'ayin Khawarijawa, saboda an shaide shi da gaskiya a zance. Malaman hadisi kuma sun ƙi ruwayar mutanen da aka sani da yawan ibada saboda raunin haddarsu. Kamannin taƙawa bai taɓa zama lasisin karɓar labari ba. To, ta yaya za mu sassauta wa gidan rediyo abin da magabata ba su sassauta wa masu ibada ba?

Magana tana da iyaka

Wanda ya ce a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama bai san nauyin harshe ba. Magana zarar bunu ce. A Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin rigakafin shan-inna a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri a tashar Wazobia FM ya yi suka ga rigakafin. Hukumomi sun zargi shirin da tunzura jama'a, aka kama 'yan jarida, NBC ta dakatar da lasisin tashar. Duk yadda mutum ya kalli wannan mataki, darasin a fili yake: a garin da zukata suka ɗau zafi, abin da ake faɗa a makirufo ba wasa ba ne.

Shari'a ta haramta giba da annamimanci da ƙage, ta sanya bulala 80 ga mai ƙazafin zina ba tare da shaidu huɗu ba, ta kuma kare martabar annabawa. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, bayan ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 39, ya amince a sashe na 45 a taƙaita shi da doka don tsaro da zaman lafiya da tarbiyya da haƙƙin wasu. Amma addinin da ya sa waɗannan iyakoki shi ne ya ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya a aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, kuma hadisi ya sanya faɗar gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi. Saboda haka tambayar ita ce: wa zai shata iyakar, kuma da wane ma'auni?

Makulli a hannun wa?

A Afrilun 2022 kwamitin masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo a Abuja ya dakatar da Sheikh Nuru Khalid, sannan ya sallame shi daga limanci, bayan huɗubar da ya soki gwamnati kan rashin tsaro kwanaki kaɗan da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Oktoban wannan shekara gwamnatin Zamfara, ta APC a lokacin, ta ba da umarnin rufe wasu kafafe, ciki har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP. NBC ta ce jiha ba ta da wannan hurumin, gwamnatin ta janye ta ba da haƙuri. A Mayun 2025 kuma Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Kano, ƙarƙashin gwamnatin NNPP, ta sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, tare da sharaɗin baƙi su sa hannu cewa ba za su yi zagi ko ɓatanci ba. Ma'aikatar ta ce matsaya ce da aka cimma da shugabannin kafafen, masu kare haƙƙin 'yan jarida kuma suka yi tir da ita.

Zagin da ake yi a wasu shirye-shiryen abin kunya ne, gyara shi wajibi ne. Amma idan wanda ake suka shi ne mai riƙe da makullin, babu tabbacin zagi kaɗai zai kulle. Jam'iyyu daban-daban sun gwada wannan hanya, abin da ke nuna cewa cutar ta kujera ce. Abin takaicin shi ne yadda muke karɓar irin waɗannan labarai: idan aka rufe bakin namu mu ce zalunci, idan aka rufe na abokin saɓani mu ce maganinsa ke nan. Wannan shi ne awo da mudu biyu da farkon Suratul Muɗaffifin ya yi wa narkon azaba, a cika idan za a karɓa, a tauye idan za a bayar. Mulki juyawa yake yi, kuma dokar da muka tafa wa jiya ita za a karanta mana gobe. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Tarihinmu ya nuna wata hanyar. Shekaru da dama tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi shi ne ake ji a Rediyon Kaduna, mabiya ɗariku suka yi ƙorafin cewa ana sukar su ba a jin nasu. Daga baya aka ba tafsirin Sheikh Dahiru Usman Bauchi fili, al'umma ta riƙa jin duka biyun a watan azumi. Saɓanin bai ƙare ba, amma mai sauraro ya samu damar auna hujja da kunnensa. Ƙara murya ya fi toshe baki amfani. Wanda kuma ya ƙetare iyaka da ƙage ko ɓatanci, wurinsa kotu ne, inda za a ji shi a ji mai ƙara. Ba ofishin gwamna ba, ba kuma hannun gungun matasa a kan titi ba.

Abin da ya rage gare mu

Masu tashoshi su bayyana wa jama'a, a farkon shiri da ƙarshensa, cewa wannan fili an saya ne kuma ga wanda ya saya. Wanda aka ambata da laifi a ba shi damar amsawa ba tare da an ce ya biya ba. Idan an yi kuskure a gyara shi a shirin da aka yi shi, da muryar da aka yi shi.

Mu masu hawa mumbari mu tuna cewa mumbarin ma kafa ce. Kada mu gina huɗuba kan saƙon WhatsApp, kuma kada wanda ya ɗauki nauyin tafsirinmu ya zama shi ne wanda ba ma iya yi wa nasiha.

Magidanta da ɗalibai kuma, kafin mu yarda da labari ko mu tura shi, mu tambayi kanmu: wa ya faɗa, wa ya biya, an ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Sannan tambayar da ta fi wuya: da a kan malamina ko jam'iyyata aka faɗi wannan, zan karɓa da irin wannan hujjar? Idan amsar a'a ce, to mu riƙe harshenmu da yatsunmu. Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. 'Ya'yanmu suna zaune kusa da rediyon nan tare da mu, kuma daga yadda muke karɓar labarin wanda ba ma so za su koyi ma'anar adalci.

Allah Ya tsare harsunanmu daga ƙarya, Ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba ma so, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.