Kafin ɗan kasuwar Damargu ya kai lissafinsa gajimare

Mai sayen gero a Falanko yana kaiwa Tanut ko Damagaram, dukiyarsa iri biyu ce: buhunan da ke magaza, da littafin da ya rubuta wa ya ɗauki bashi, wa ya biya, tiya nawa ta shiga. Buhu in ya ɓace an san iyakar asara. Littafi kuwa in gara ta ci shi, ko wuta ta kama shago, sai dai a jira masu tsoron Allah su zo da kansu. Shi ya sa batun ajiye lissafi a gajimare, wato a manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon, Microsoft da Google da ake isa gare su ta intanet, ya shafe mu nan ma.

Amfaninsa ba ya buƙatar dogon bayani. Ba sai ka sayi babbar kwamfuta da ƙurar hunturu da zafin bazara za su kashe ba. Waya ta faɗa rijiya, lissafi yana nan. Ɗanka da ke Agadas yana ganin cinikin yau kafin magariba.

Wurin da ya kamata a zauna a yi lissafi shi ne kuɗin. Gajimare magazar haya ce: ranar shiga ba ka kashe komai mai yawa, amma kowane wata sai ka biya, kuma kaya na ƙaruwa haya na ƙaruwa, har ranar da ka daina biya a rufe maka ƙofa. Yawancin waɗannan kamfanoni da dala suke sa farashi. Mu a Nijar muna da ɗan sauƙi, domin sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, kowane yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai. 'Yan uwanmu na Kano ba su sami wannan kariya ba. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai ga mai biyan hayar gajimare yana biyan ninki uku a kan aikin da bai ƙaru ba.

Ko a Amurka akwai waɗanda suka yi lissafi suka fita. Kamfanin 37signals ya bayyana cewa ya kashe dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022, sai ya sayi nasa injinan ya dawo da aikinsa gida, kuɗin da yake kashewa a shekara ya ragu ƙwarai. Amma su suna da ƙwararru da wutar da ba ta ɗaukewa. Ƙungiyar makiyaya a Belbeji ba ta da ko ɗaya, don haka ba na ba ta shawarar ta bi sahunsu.

Babbar damuwata ita ce hanya. Manyan cibiyoyin waɗannan kamfanoni mafi kusa da mu suna Turai da Afirka ta Kudu, ba sa Yamai balle Damagaram. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga matsala. Kafin nan, a watan Agustan 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi girma na wutar ƙasar, aka yi watanni a haka. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ta shigo a 2025, gaskiya ta buɗe ƙofa ga ƙauyukan da rezon Airtel, Moov ko Zamani ba ya isa sosai, sai dai ita ma da kuɗin na'ura da na wata.

Ranar kasuwa ba ta jiran rezo. Saboda haka duk manhajar da za a tallata wa ɗan kasuwar Damargu, ya fara kashe intanet ɗin wayarsa ya gwada rubuta ciniki. In ta karɓa, ta ajiye a waya, ta tura gajimare daga baya idan rezo ya dawo, to ta cancanci a tambayi farashinta na shekara guda cur, ba na watan farko ba. Ya kuma nemi a nuna masa, tun bai biya ba, yadda zai kwashe sunayen masu bashinsa ranar da ya ga dama ya bar kamfanin.