Haɗin Ƙarfe: Zafi, Sauri da Danni

 Kowa ya san ɓacin ran da ke cikin karyewar garmar shanu ko ƙafar amalanke ana tsakiyar damina. Sau da yawa, wurin da aka yi walda ne ke ballewa. Yau za mu duba dalili.

A shekarar 1991, a wata cibiyar binciken walda kusa da Kambirij ta ƙasar Ingila, an gano hanyar haɗa ƙarfe ba tare da narka shi ba. Ana kanga faranti biyu baki da baki, a danna wani ƙusa mai juyawa a tsakaninsu. Gugar da yake yi tana kawo zafi, kamar yadda kuke murza tafin hannu lokacin ɗari. Ƙarfen ya yi laushi, ƙusan ya tuƙa shi kamar muciya cikin tuwo, gefe biyu su zama ɗaya. Da wannan ake haɗa alminiyam na jiragen ruwa da na ƙasa.

Abu uku ke gyara aikin ko su ɓata shi. In ƙusan bai juya sosai ba, ko an ja shi da gaggawa, zafi ba ya isa, sai rami ya ɓuya cikin haɗin. In zafi ya yi yawa, ƙarfen ya malalo gefe, wurin ya raunana. In danni ya kasa, ƙasan haɗin ba ya kamawa.

Kowane ƙarfe kuma da halinsa. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfe sai ya wuce 1,500, shi ya sa yake cinye ƙusan. Jan ƙarfe kuwa yana kwashe zafi da sauri, sai an ƙara masa.

Injin nan na manyan masana'antu ne, amma maƙeran Damagaram sun daɗe da sanin dokar: zuga ta isa, masaba ta sauka a kan lokaci.

To, in kun kai gyara wurin mai walda a Takieta ko Zinder, ku sa a kankare tsatsa da fenti tukuna. Kada ku matsa masa ya yi sauri. Kada a kwara wa haɗin ruwa, a bar shi ya huce da kansa. Ku duba kayan aikinku tun da rani, kafin ruwan shuka ya sauka.