Yadda Ma'aikatan Gidan Waya a Amurka Suka Yi Yaƙin Hana Rufe Cibiyoyin Tantance Wasiƙu

Mai jefa wasiƙa a akwati ba ya ganin inda take kwana. Kafin ta isa hannun mai ita, sai mota ta kai ta wani katafaren gini a bayan gari, inda injuna ke karanta adireshi, ma'aikata kuma su kwana suna ware ta wannan gari da ta wancan. Da yake jama'a ba sa shiga waɗannan gine-gine, rufe su ya fi rufe ƙaramin gidan wayar unguwa sauƙi. A kan haka Hukumar Gidan Waya ta Amurka ta dogara a watan Satumba na 2011, lokacin da ta ce tana nazarin rufe cibiyoyi 252 daga cikin 487 da take da su.

Hujjar hukumar ita ce asara, kuma akwai gaskiya a ciki. Yawan saƙonnin da take ɗauka ya kai ƙololuwa a 2006, kimanin biliyan 213, daga nan intanet ta riƙa janye mata masu hulɗa. Sai dai ƙungiyar ma'aikata ta APWU, wadda aka kafa a 1971, ta dage cewa ba a faɗi rabin labarin ba. A 2006 ɗin nan majalisar dokoki ta yi wata doka da ta tilasta wa hukumar ajiye kimanin dala biliyan 5.5 duk shekara, har tsawon shekara goma, domin kuɗin jinyar waɗanda za su yi ritaya nan gaba. Babu wata hukumar gwamnati da aka ɗora wa irin wannan nauyi. Hukumar kuwa ba da harajin jama'a take tafiya ba, da kuɗin kan sarki da na aika kaya take rayuwa. Kaso mafi tsoka na asarar da ake ta shela a waɗannan shekaru daga wannan doka ya fito, aka kuma nemi ma'aikacin dare da mutanen karkara su biya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙungiyar ba ta da makamin da ƴan ƙwadago suka saba ɗauka. Doka ta hana ma'aikatan gidan waya yajin aiki. Sun taɓa yi a watan Maris na 1970, kusan mutum 200,000, har Shugaba Nixon ya tura sojoji birnin New York su taya aikin wasiƙu. Bayan nan suka sami damar zama teburin ciniki kan albashi, amma haramcin yaji bai ɗaga ba. Saboda haka dole suka koma wa jama'a. Ran 27 ga Satumba, 2011, APWU da takwarorinta suka yi gangami a mazaɓun ƴan majalisa a faɗin ƙasar. Ba kan guraben aikinsu kawai suka tsaya ba, suka riƙa tambayar mutane: kwana nawa maganinka zai yi a hanya? Tambayar tana da nauyi, domin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙasar ta gidan waya take aika mafi yawan magungunan da take bayarwa. Ga cekin fansho, ga takardun kotu, ga ƙaramin ɗan kasuwa mai jiran kuɗinsa.

Matsin ya yi tasiri. A watan Disamba wasu sanatoci suka sa hukumar ta dakatar da rufewar har zuwa tsakiyar Mayun 2012. A jihar Vermont, cibiyar White River Junction, mai ma'aikata sama da 200, ta tsira bayan mutanen gari sun cika taron jin ra'ayi, Sanata Bernie Sanders kuma ya tsaya kai da fata. Amma kada a ɗauka nasara ce cikakkiya. Tsakanin 2012 da 2013 an haɗe ayyukan cibiyoyi kusan 140 da na wasu. A Janairun 2015 kuma hukumar ta sassauta wa kanta wa'adin isar da saƙo, wasiƙar da a da take kwana ɗaya a cikin gari ta koma kwana biyu. Wannan, a ganina, shi ne mafi muni: an rage aikin, sannan aka sauya ma'aunin don kada a ce an gaza. Zagaye na biyu, na cibiyoyi 82, an sanar da shi a 2014. Ƙungiyar, a ƙarƙashin sabon shugabanta Mark Dimondstein, ta sake fita tituna ran 14 ga Nuwamba, kuma a Mayun 2015 aka jingine yawancin shirin.

Dokar 2006 ɗin da ƙungiyar ta yi shekaru tana kuka da ita, majalisa ta soke wannan sashe nata a 2022. Duk da haka maganar haɗe cibiyoyi ta dawo da sabon suna a zamanin shugaban hukumar Louis DeJoy. A 2024 aka ce za a riƙa kwasar wasiƙun birnin Reno na jihar Nevada zuwa Sacramento a Kalifoniya, tafiyar sama da kilomita 200 ta kan tsaunukan Sierra Nevada, inda dusar ƙanƙara kan toshe hanya a lokacin hunturu, a tantance su, sannan a dawo da su. Nevada kuwa jiha ce da ake aika wa masu zaɓe ƙuri'unsu ta gidan waya. Ma'aikata suka yi ta faɗakarwa, gwamna ɗan Rifablikan da sanatoci biyu ƴan Dimokurat suka haɗa baki, ga kuma abin da kowa ya gani a Atlanta, inda sabuwar babbar cibiya ta jawo jinkiri mai tsanani a farkon shekarar. A watan Agusta hukumar ta janye, wasiƙun cikin Reno suka ci gaba da kwana a Reno.