Idan Gwamnati Ta Karɓi Gonarka, Ina Aikin Lauya?

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya ratsa gonakin ƙasar Daura. Shin ana iya karɓe gonar gado haka? Sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin riƙon fili domin amfanin jama'a. Sai dai diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan filin ce: gini, rijiya, shuka, itatuwa.

Nan lauya ke shigowa. Zai duba ko sanarwar soke haƙƙin ta iso a rubuce, ya ƙalubalanci ƙiyasin diyya idan ya gaza. Malam manomi, kafin ka dangwala yatsa a takardar diyya, a ƙirga kowace bishiya a gabanka.