Turancin Ladabi: Abin Da Ake Cewa A Ofis, A Asibiti Da Cikin Mota

A wannan wata muna so mu taɓa wani al'amari wanda ake ganinsa ƙarami, amma kullum yana jawo wa mutanenmu na Zango ɓacin rai da asarar lokaci. Sau da yawa za ka ji ma'aikacin ofis ko na asibiti a nan Ankara yana cewa 'yan Zango ba su iya magana ba, wai ba su da ladabi. Wannan magana tana da ban mamaki ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin masallaci a Alajo ko Nima bayan sallar asuba, ya ji yadda ake gaisuwa: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi aiki, har a tambayi wanda ya yi tafiya. Mutanen da ke haka ba a rasa ladabi a wurinsu. Abin da ke faruwa shi ne, idan baki ya juya zuwa Turanci, sai a baro ladabin a cikin Hausa, a tafi da kalmomi tsirara.

Kuma ba mu da makawa sai mun yi Turancin. Shi ne harshen gwamnati tun zamanin mulkin mallaka, kuma da aka sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, ba a canza ba. Hausa kam ita ce ke haɗa kabilu a kasuwar Nima da Maamobi da Sabon Zango da Madina, gidan rediyon GBC ma ya daɗe yana shirye-shirye da ita, amma ba ta cikin harsuna 11 na ƙasa da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Saboda haka takardar banki, da katin asibiti, da Ghana Card, da takardar kotu, duk da Turanci suke zuwa. Iyayenmu kuwa da yawa sun guje wa makarantun mishan don tsoron addinin 'ya'yansu, sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, malaman boko suka shiga makarantunmu sosai. Don haka akwai manya da yawa da a titi da tasha suka tsinci Turancinsu. Turancin tasha kuwa yana biyan bukata, amma ba a saka masa riga ba.

Mu fara da inda matsalar ta fi yawa, wato roƙo. A Hausa, idan ka gama gaisawa da mai kanti ka ce masa "Ba ni sukari", babu wanda zai ce ka yi rashin kunya. Ka riga ka biya haƙƙin ladabi a cikin gaisuwa. "Don Allah" kuwa kalma ce mai nauyi, ba a jefa ta a kan kowane ƙaramin abu. Turanci ba haka yake ba. Shi a cikin roƙon kansa yake sa ladabinsa. Wanda ya ce wa ma'aikaciya "Give me form" ya fassara Hausarsa daidai, amma abin da kunnenta ya ji shi ne umarni, kamar ana aiken yaro. Abin da ake cewa shi ne "Good morning, Madam. Please, may I have a form?" Haka nan "I want" ya fi dacewa da bakin ƙaramin yaro, babba yakan ce "I would like". Idan aiki kake so a yi maka, ka mai da shi tambaya: "Could you help me, please?" Ba tambayar ko zai iya kake yi ba, kai ma ka san zai iya. Hanya ce ta ba shi girma, a nuna masa yana da zaɓi ko da ba shi da shi.

Ita wannan kalma ta "please" tana da tarihi na musamman a ƙasar nan. Maƙwabtanmu masu jin Twi suna da "mepa wo kyɛw", mutanen Ga kuma suna da "ofainɛ", kuma suna sa su a gaban kusan duk maganar da za su yi da babba, ko roƙo ne ko ba roƙo ba. Da suka koyi Turanci sai suka ɗora wa "please" wannan kaya. Shi ya sa za ka ji ana cewa "Yes, please", "No, please", "Please, my name is Ama", har da "Please, I am fine". Masana sun daɗe da lura cewa Turancin Gana yana da halinsa. Tun 1973 K. A. Sey ya wallafa littafi a kansa. Wasu malamai 'yan'uwana suna yi wa yara dariya a kan wannan "please" mai yawa. Ni ban ga abin dariya ba. Ma'aikacin da ke bayan tebur a Ankara da wannan kunne ya tashi, kuma idan bai ji kalmar ba sai ya ga kamar an shigo masa ɗaki ba sallama. Saboda haka a nan gida a yi amfani da ita hannu sake. Sai dai ɗanmu da ya tafi Landan ko unguwar Bronx ta Amurka ya sani cewa a can ba a cewa "No, please". Idan an miƙo maka abu ba ka so, "No, thank you" ake cewa. Mai duba takardar jarrabawa ma wannan yake nema.

Gaisuwa ba ta bukatar dogon bayani ga Bahaushe, sai abu biyu. Na ɗaya, "Good night" ba barka da dare ba ce. Sallama ce, daidai da "sai da safe". Wanda ya shiga gidan mutane da ƙarfe takwas na dare ya ce "Good night" ya yi ban kwana tun bai zauna ba. "Good evening" ake cewa ko da dare ya raba. Na biyu, gaisuwar ofis gajeruwa ce. "Good morning, Sir. How are you?" ya wadatar. Idan kai aka tambaya, amsa ita ce "Fine, thank you. And you?" kamar dai yadda muke cewa "lafiya lau" ko da ciwon kai muka kwana. Amma kada gajartar ta sa a tsallake ta. A ƙasar nan, tambayar hanya ma ba a yi sai an gaisa. Matanmu da ba sa musabaha da maza, da mazan da ba sa yi da mata, su ma akwai abin cewa, maimakon a bar hannun mutum a rataye a iska. A sa hannu a ƙirji, a yi murmushi, a ce "Please excuse me, I don't shake hands." Mafi yawan mutane sukan gane nan take.

Sai kiran mutum. "Sir" da "Madam" ba sa ɓata a ko'ina. Ɗan sanda "Officer" ne. A kasuwa da unguwa kuwa Turancin Gana ya yi kama da Hausa, domin da sunan dangantaka ake kira: "Auntie", "Uncle", "Mummy", "Daddy", "Sister". Inda ake tuntuɓe shi ne "tsoho" da "tsohuwa". A bakinmu girmamawa ce, har mahaifi da mahaifiya ake kira da su. Amma ka tsaya gaban wata baƙuwa ka ce mata "Old woman", to ka ja wa kanka. Haka kuma kiran mutum da "Hey, you!" ko da tsaki irin na tsayar da mai tallan ruwa. Abin da ke maye gurbin "gafara dai" da "malam, ji mana" shi ne "Excuse me". Da ita ake neman hanya a cikin trotro, da ita ake tsayar da mutum a tambaye shi. Yaron mota ma, wanda kowa ke yi wa tsawa daga Circle har Alajo, idan aka ce masa "Mate, please, my change" yakan fi saurin tunawa.

Akwai wata kalma tamu da Turanci ba shi da irinta, wato "na'am". Da ita muke amsa kira, da ita kuma muke neman a maimaita magana. Idan an kira ka, "Yes, Sir" ko "Yes, Madam" ne. Idan ba ka ji ba, kada ka ce "What?" domin tana fita kamar "me ka ce?" ta mai neman faɗa. A ce "Pardon?" ko kuwa yadda aka saba a nan, "Please, come again." Wannan ya fi muhimmanci a asibiti fiye da ko'ina. Tsofaffinmu da yawa, don kunya, sukan gyaɗa kai ga duk abin da mai ba da magani ya faɗa, su koma gida ba su san ko sau biyu za a sha ko sau uku ba. Duk wanda zai raka mahaifiyarsa asibitin Maamobi ko Korle Bu ya riƙe waɗannan: "Please, could you say it again slowly?", da "How many times a day, please?", da "Before food or after food?" Idan abin ya faskara, a tambaya: "Please, is there anyone here who speaks Hausa?" A Ankara da wuya a rasa. Tambaya ba raini ba ce ga likita, shan magani ba bisa ƙa'ida ba shi ne abin gudu.

Wasu maganganu kuma daidai suke a nan, amma da zarar an haye teku sai su canza ma'ana. Mutum ya yi tuntuɓe, kowa ya ce "Sorry!" Wannan "sannu" ce tamu sak, kuma duk ɗan Gana ya gane. Bature kuwa yakan amsa da cewa ai ba laifinka ba ne, domin a kunnensa "sorry" kaɗai neman gafara ce, shi "Are you all right?" zai ce. Sai "I'm coming", wadda muke faɗa muna juya baya muna tafiya, daidai da "ina zuwa". A wajen ƙasar nan sai a tsaya ana kallonka, ana jira ka matso. A can "I'll be right back" ko "One moment, please" ake cewa. Haka "You are invited" da muke faɗa idan an same mu a kan kwanon waakye, wato "bismillah". Amsarta "Thank you", ba lalle a sa hannu ba. A Ingila wanda aka ce wa haka sai ya tambayi ina ne bikin, kuma yaushe. "Sorry for left", da ake faɗa idan dole ta sa an miƙa abu da hagu, ita ma tamu ce ta nan, kuma ina ganin ta cancanci a riƙe ta, tunda mu da maƙwabtanmu duk mun haɗu a kan girmama hannun dama. Af, shi kansa waakye ɗin daga "wake" ya fito, kamar yadda koko da ƙosai da tuwon zafi suka shiga bakin kowa. Ashe ba mu kaɗai ke aro ba.

Godiya kuwa, "Thank you very much" ce, a amsa da "You're welcome" ko "Don't mention it". Al'adarmu ta komawa washegari a sake godiya tana nan a Turancin Gana: "Thank you for yesterday." Wanda ya sa maka hannu a takarda ko ya yi wa ɗanka hanya, wannan jumla takan yi masa daɗi fiye da ta ranar farko.

A Alajo gida ɗaya yakan haɗa Musulmi da Kirista, famfo ɗaya, mitar wuta ɗaya. Idan rasuwa ta faru a ɗakin maƙwabci, sau da yawa sai ka ga mutumin kirki ya shiga ya zauna shiru ya fita, don bai san abin da zai ce ba. Ga shi: "Please accept my condolences", ko "I am sorry for your loss". A nan ana ƙarawa da "Take heart", wato a yi haƙuri. Mara lafiya a ce masa "I wish you a speedy recovery". Haihuwa da aure da cin jarrabawa duk "Congratulations" ne, da harafin s a ƙarshe.

Abu mafi wuya shi ne ƙin yarda, musamman da ma'aikacin gwamnati. Tun dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba na 1969, wadda ta raba gidaje da yawa a zangunan ƙasar nan, akwai dattawan da gabansu ke faɗuwa idan an tambaye su asalinsu a ofis. Wasu sai su yi shiru su karɓi duk abin da aka rubuta, matasa kuma sai su ɗaga murya. Duka biyun suna da tsada. Idan an tambaye ka, ka amsa a natse: "Please, I was born in Nima. Here is my birth certificate." Idan an ɓata sunanka, kamar a rubuta Bukari alhali takardar makarantarka Abubakar ta ce, kada ka ce "You are wrong", domin daga nan girman kai zai shigo, aikin ya tsaya. Ka ce "Excuse me, Sir, I think there is a mistake in my name. Could you check it again, please?" Ka ga an faɗi kuskuren ba a faɗi mai shi ba. Idan kuma wani abu aka nema a wurinka wanda ba za ka iya ba, "No" ita kaɗai tana da kaushi. "I'm afraid I can't" ake cewa, kuma "afraid" ɗin nan ba tsoro take nufi ba, sassauta magana ce kawai. Gyaran harafi ɗaya a gaban tebur minti biyu ne. Idan aka bari katin ya fito da kuskure, sai an yi takardar rantsuwa, an biya kuɗi, an sake bin layi, wani lokaci ma sai ranar da yaro zai yi rajistar jarrabawa ko neman fasfo abin zai tashi.